Adakar Sadiya

Madarunfa, 9 ga Yuli, 2025

Zuwa ga ƙanena Illo, malamin makaranta, mushen lakwal a Tawa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fata kana lafiya, kai da matarka Firdausi. Mu nan lafiya lau, sai ƙafar maigida Mahaman da ƙaya ta soka a bakin tabki, ta kumbura har ta hana shi fita su. Ruwa ya sauka, an gama shuka. Gaisuwa ta ƙare nan, don ba ita ta sa na ɗauki alƙalami ba.

Kada ka ce don me ban yi maka vokal, saƙon murya, ba. Salular gidan nan ɗaya ce, ta maigida, kuma in ta yi ƙara har maƙwabta sai sun leƙo. Abin da ke bakina ba na tsakar gida ba ne. Lakwal ɗin da na yi bai kai naka ba, amma ya isa in rubuta ma mutum abin da ya aikata.

Illo, ashe haka kake? Jiya da la'asar Gambo direba ya tsaya ƙofar gida, ya sauke mani Sadiya, ya sauke adakar ƙarfe bayanta. Na ce to, hutu ta zo, sannu da hanya. Sai na buɗe adakar. La'ilaha illallahu! Kayan sallarta na bana da na bara, littattafan lakwal, allonta, rigar sanyi a tsakiyar damina, takalmin da ya matse ta, ɗan kwanon da take cin abinci tun yaye, har ƴar tsanar nan mai hannu ɗaya. Ko tsinke ba a bar mata a gidanku ba. Ni za a gaya ma abin da wannan ke nufi? Mai zuwa hutu da ƙullin kaya yake zuwa. Wanda anka sallama shi ke zuwa da adaka.

Bari in tuna maka, tunda boko ya cinye maka tunani. Kakana da kakanka wa da ƙane ne. Ba uwa ɗaya muke ba, ba uba ɗaya ba, babu dole a kaina. Na ga gidanka shiru shekara biyar da aure, babu kukan yaro, na ji tausayinku. Ranar da na yaye yarinyar ga, nono na yi mani zogi, na saɓa ta da hannuna na miƙa ma Firdausi, na ce ga ɗiya, na ba ku duniya da lahira. Ban ce aro ba. Shekara bakwai ke nan Goggo take ce mani, ina amsawa, ni da na haife ta.

Na tambayi Gambo ina kuke, ya ce a tashar Maraɗi kunka damƙa mashi ita, ku kuma kunka shiga motar Kano. Ke nan hanyar Ɗan Isa kunka bi, kunka wuce mararrabarmu kuna kallonta ta gilashi. Ƙafarku ta fi ƙarfin ƙofar gidana? Ya ce ya ji Firdausi na zancen asibiti. Ni ba yarinya ba ce, ina jin labarin inda ake dasa ma mace ciki a can. Sai na gane. Za a samo na gaske, shi ne anka share ɗaki anka fitar da na riƙo.

To madalla, Allah ya ba da sa'a. Ni dai na karɓi abata. Ku sani ba za ta koma ba.

Yayarka,
Hajara

*

Madarunfa, 3 ga Agusta, 2025

Illo,

Ina gaisuwa. Ƙafar Mahaman ta warke, ya koma jefa koma. Gero ya kai gwiwa, ana maimai.

Wata na shirin cika ban ga amsarka ba. To shiru ma magana ce, na ji.

Kiran da ka yi ranar kasuwa da lambar Najeriya, ka ce “Yaya ina gida,” na ce lafiya lau, kada ka ɗauka da gaske. Mata huɗu ke zaune kusa da ni muna gyaran kifi, me kake so in ce? Ka ce a ba ka Sadiya, ita ma ta ce lafiya lau, ka yi dariya ka ce ta yi ƙiba kafin ka zo. Dariya, Illo! Da ka kashe, yarinyar ta zagaya bayan rumbu, ba ta fito ba sai da anka kira magariba.

Ba ta cin abinci sai na tsaya a kanta. Ƴan uwanta na jan ta zuwa garka tsinkar yakuwa, tana bin su kamar baƙuwa. Ba ta kuka, da ma kukan take yi da na fi samun sauƙi. Kullum da safe sai ta buɗe adakar nan, ta ninke kayan, ta mayar, ta rufe.

Na je wajen diraktan lakwal ɗinmu, ya ce akwai wuri a aji huɗu, in an koma sai in kawo ta. Ka aiko da takardun lakwal ɗinta ta hannun Gambo. Su kaɗai kunka manta ba ku saka ba.

Hajara

*

Tawa, 24 ga Agusta, 2025

Zuwa ga Yaya Hajara.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Mahaman, Allah ya ƙara masa sauƙin ƙafa. Mun dawo shekaranjiya. Firdausi ba ta jin daɗin jikinta sosai, amma da sauƙi.

Takardunki biyu a hannun maƙwabcinmu na same su, tun da suka zo suke ajiye. Ni ina Kano kina aiko wa Tawa, sannan ki ce na yi miki shiru? Na karanta su a tsaye, na sake karantawa a zaune. Yaya, ni kika kalla kika ce na share ɗaki? Ni? Yarinyar da nake ɗauka bayan moto, babur ɗina, kullum safe, wadda in na dawo aiki ita ke fara cafe mani jaka? Kin yanke hukunci, kin je wajen dirakta, duk ba ki tambaye ni kalma ɗaya ba. Haba!

Adakar da kika kafa hujja da ita, ita Sadiya ce ta haɗa ta da kanta. Firdausi ta ɗaure mata kaya kala biyar a jaka, ta ce a'a, ita da adakarta za ta. Na ɗauka son nuna wa ƴan uwanta kaya ne, na ce a bar ta. Ban buɗe ba, ban san abin da ke ciki ba. In laifi ne rashin buɗewa, na yi shi. Amma a ce na sallami ɗiyata, wannan ƙazafi ne, kuma ba zan haɗiye shi ba ko daga bakinki.

Kin tambayi abin da ya hana mu shigowa. To ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da na shigo, da kin zaunar da ni kin ce me za a yi a Kano, ni kuwa ba zan iya kallon idonki in faɗa ba. Ga shi a takarda. Rashin haihuwar gidan nan daga gare ni yake. Bayan ƙaramar salla na je aka yi mani analis, gwajin asibiti, a nan, aka sake a Yamai, magana ɗaya. Ƙwayoyin haihuwar da ke cikin maniyyina kaɗan ne ƙwarai, kuma waɗanda ke akwai ba su da ƙarfin da za su kai inda ake so. Firdausi lafiyarta ƙalau. Tun farko lafiyarta ƙalau.

Bari in gaya miki abin da ake yi, don na ga labarin tasha kika riƙe. Ba sayen ciki ake yi ba, ba kuma na wani ake dasawa ba. Ana yi wa mace allurai kullum har ƙwayayenta su nuna da yawa, sai lokotoro, wato likita, ya ciro su. Daga nawa kuma sai ya duba ta madubi mai ƙara girman abu, ya zaɓi ƙwaya guda mai motsi, ya ɗauke ta da wata allura wadda ta fi gashi siranta, ya huda ƙwan macen ya saka ta ciki. Tafiyar da ta kasa yi da kanta, allura ta yi mata. In ya kama, sai a bar shi ƴan kwanaki ya fara girma, sannan a mayar da shi mahaifa. Na tambayi malamai kafin mu tashi, sun ce muddin na miji ne da na matarsa, kuma aure na nan, babu laifi. Ba irin wake Mahaman ke zaɓa da hannu kafin shuka ba? Wanda ke fitar da shukar dai Allah ne.

An yi mana, uku sun kama. Amma alluran sun kumbura wa Firdausi ciki, har numfashi sai da ya yi mata wuya, aka kwantar da ita. Lokotoro ya ce ba zai mayar da komai ba sai jikinta ya huta. An daskarar da su a cikin sanyi, suna can ajiye. An ba mu randebu, ranar komawa, ƙarshen Satumba. Kuma bai yi mana alkawari ba, ya ce yana iya zama, yana iya ƙi.

Wannan shi ne duk abin da ya faru. Mun kai Sadiya wajenki don kada ta zauna bakin asibiti tana kallon uwarta a kwance. Wajen wa za mu kai ta in ba wajenki ba?

Takardun lakwal ba zan aiko ba. Ki sa ta a motar Gambo kafin a koma aji. Firdausi ba ta san da wasiƙunki ba tukuna, kullum tambayata take yaushe yarinya za ta dawo. Kada ki sa in gaya mata.

Ƙanenki,
Illo

*

Madarunfa, 5 ga Satumba, 2025

Illo,

Gaisuwa. Ka ce ma Firdausi sannu da jiki, ita kam gaisuwar daga zuciyata take. Tabki ya cika har ya taɓa garkar maƙwabciyarmu Ladi. Mu lafiya.

Na karanta. Na ajiye takardar na fita na daka gero kwano biyu ba tare da akwai bukata ba, don in ban daki wani abu ba zuciyata za ta fashe.

Ashe kai ne! Shekara goma sha biyu, Illo! Shekara goma sha biyu baiwar Allah nan na shan suna. Juya, an ce mata. A gidan biki in ta ɗauki jariri sai ka ga uwar ta miƙo hannu da sauri. Ni nan na jiƙa mata saiwa har kala nawa, mai ɗaci kamar maɗaci, ta toshe hanci ta shanye, kai kana zaune kan kujera kana gyaran littattafan yara. Na kai ta ziyarar kaburburan waliyyai bakin tabki cikin rana, ƙafa ba takalmi. Ko sau ɗaya ba ka ce bari in kai kaina a duba ba. Kai mai ilimi, kai mushe! Sai yanzu da furfura ta fara leƙo maka. Kuma abin da ya fi ƙona mani rai, ciwo naka, allura a jikinta. Ita ta kumbura, ita anka kwantar. Kai me anka yi maka? Allah ya saka mata.

Amma kada ka ɗauka don ka faɗi wannan zan kwance. Bayanin allurarka na ji, ban ce haram ba, ni ba malama ba ce. Abin da na riƙe daga takardarka ɗaya ne. Uku na can ajiye cikin firigo suna jiran ranarsu, jininka da jinin matarka. In sunka iso, Sadiya mece ce a gidan?

Ka ce ita ta haɗa adakar. Gaskiya ka faɗa, na tambaye ta. Amma kai ka tambaye ta dalili? Na zaunar da ita ina tsefe mata kai, don yaro ya fi magana in ba a kallon idonsa. Ta ce matan gidan hayarku ne, a bakin famfo. Ɗaya ta ce, “Ƴar riƙo, kin gama aikinki, za a je Kano a samo masu gida.” Ɗayar ta ce, “Ai daman don ta jawo haihuwa anka kawo ta, ta kasa.” Ta dawo ɗaki ta ga kuna ƙus-ƙus, da ta shigo kunka yi shiru. Washegari kunka ce mata za ta Madarunfa. Ta ce, “Goggo, na kwashe duka ne don kada Mama ta sha wahalar aiko mani.” Ƴar shekara tara, Illo. Kun ɓoye ma yarinya abin da duk kartiye, unguwa guda, ya sani.

Ka san ni ma riƙona anka yi a Gabi, wajen Inna Kande, amma ba ka san yadda na dawo ba, lokacin ba a haife ka ba. Ta riƙe ni kamar ƙwai. Kitso duk mako, fura da nono nawa ne na farko. Da Allah ya ba ta ɗa namiji ba ta zage ni ba, ba ta doke ni ba. Goyo dai ya koma bayana, tabarmata ta koma bakin ƙofa. Ranar da yaron ya faɗo daga hannuna ya fasa leɓe, anka ɗora ni kan jaki da ɗan akwatina. Kande ba muguwa ba ce, kai ma ba mugu ba ne. Haka abin yake zuwa, a hankali, ba wanda ya yi niyya. Wanda maciji ya sara, ko baƙin tsumma ya gani sai ya yi tsalle.

Gara ta yi kukan rabuwa yanzu a ɗakin uwarta da ta yi shi nan da shekara biyu da goyo a baya. Ba zan sa ta mota ba. In kana jin tsoron gaya ma matarka, wannan kuma halinka ne, mun saba.

Hajara

*

Tawa, 16 ga Satumba, 2025

Zuwa ga Yaya Hajara.

Assalamu alaikum. Ni ce Firdausi. Ina gaishe ki da girmamawa, ina gaida maigida da yara. Kumburin ya saɓe, na fara cin abinci, na gode da gaisuwarki.

Malam ya ba ni takardunki duka uku, bayan na ce in bai gaya mani abin da ke hana shi barci ba zan shiga mota in zo da kaina. Ban taɓa ɗaga miki murya ba tun da aka kawo ni danginku. Yau ki yi haƙuri, zan ɗaga.

Ke da ƙanenki kuna ta jifar juna da takarda a kan ɗiyata, ba wanda ya ce bari a ji ta bakina. Shi ya ɓoye mani, ke kin yanke. Kin ce kin ji tausayin sunan da na sha. To me kika yi mani yanzu? Saiwarki na sha ban yi ƙorafi ba, allurarsu na sha ban yi ƙorafi ba. Wannan ɗin ne ba zan iya sha ba.

Ban haife ta ba, na sani, ba sai an tuna mani ba. Amma lokacin da ƙyanda ta rufe mata ido, bayana ta kwana bakwai. Ni na san ba ta cin kuɓewa sai busasshiya. Ni na san in ta yi shiru tana ninke kaya, tsoro take ji, kuma ba tambaya take so ba, so take a zauna kusa da ita. Kin ba ni ita duniya da lahira, bakinki ya faɗa, mutane sun ji. Ba Inna Kande kika ba, ni kika ba. Laifin wata kike so in biya?

Namu laifin na yarda da shi. Da na zaunar da ita na gaya mata inda za mu, da matan famfo ba su riga ni ba. Su kuwa na riga na same su, ba sai na rubuta miki abin da na ce ba. Ɗaya har yau ba ta iya haɗa ido da ni.

Yanzu ga maganata. Randebun Kano saura kwanaki, na ce wa Malam ya kira su ya ce ba za mu zo ba. Ya yi faɗa, ya yi lallashi, ya ce wahalar da na sha fa? Na ce jikina ne. Ba za a saka mani komai a mahaifa ba sai Sadiya na cikin ɗakin nan.

Ki duba, Yaya. In na je aka saka bai zauna ba, na zo neman ta, za ki ce don na rasa ne na tuna da ita. In ya zauna na zo neman ta, za ki ce ƴar raino nake nema. Ko ta ina na biyo kin tare. Shi ya sa nake neman ta yanzu, da babu komai a cikina sai tuwon da na ci. Waɗancan ukun ban san su ba, ban san ko za su zo duniya ba. Wannan na san ta. In sai na zaɓa, su zauna cikin sanyinsu.

Ki karanta mata wannan takarda, ko ki ba ta ta karanta, ta fi mu iya karatu duka. In ta ji ta ce ta fi son zama wajenki, na haƙura, Allah ya raya ta. Amma ita za ta faɗa, ba ke ba.

Ƙanwarki,
Firdausi

*

Madarunfa, 25 ga Satumba, 2025

Firdausi,

Wa'alaikumus salam. Mun gode Allah da jiki ya yi sauƙi. Nan an fara yankan gero, kowa na gona, gidan sai ni da awaki.

Ashe kina da baki haka? Shekara goma sha biyu kina sunkuyar da kai, na ɗauka ruwan sanyi ce ke. Takardarki ta kwana uku ƙarƙashin tabarmata ina jin haushinki. Na ce ba zan ba ta ba, wace ce ke da za ki kafa mani sharaɗi a kan abin da na haifa? Ran na huɗu na ba ta, don kada ki ce na ji tsoro.

Ta karanta a bakin murhu, da ƙarfi, tana bin layi da yatsa. Da ta zo wajen kuɓewa ta yi dariya. Tun da ta sauka garin ga ban ji dariyarta ba sai ranar. Da ta zo inda kinka ce su zauna cikin sanyinsu, ta tsaya, ta ce, “Goggo, ba za su ji ɗari ba?” Na ce ki tambayi babanki, shi ne mai ilimin. Ta gama, ta ninke takardar, ta ɗago ta dube ni. Ina jira in ji ko za ta yi ɗan jinkiri, ko don kunyata. Ko kaɗan. Ta ce, “Yaushe Gambo zai tashi?”

Kin ci, Firdausi. Ba zan ce bai yi mani zafi ba, ya yi, har yanzu yana yi. Na yaye ta sau ɗaya, ban san zan sake ba.

Amma ba Gambo zai kai ta ba, ɗiyata ba buhun albasa ba ce. Ki ce ma mijinki ya zo da ƙafarsa, da rana tsaka, ya shigo ta ƙofar da ya wuce. Ya zauna ya gaya ma yarinyar ga da bakinsa abin da za a yi a Kano da dalilin yin sa. In ya gama, ya ƙarasa Safo wajen tsohuwarsa, abin da ya rubuta mani ya faɗa mata, don sunan da anka liƙa maki a can ya fara. In bai iya ba, ya zauna inda yake.

Ke kuma ki kira mutanen Kano ki karɓi wata rana, ki bar wautar nan. Wahalar da kinka sha ba za ta tafi a banza ba. In ranar ta zo ku tafi da ita, ta riƙe maki jaka. Allah ya sa ya zauna. In ya zauna, idona na kanku, kuma kin san ni.

Kayanta na ɗaure su cikin zannuwa biyu. Adakar kuwa kada ku neme ta. Na wanke ta, na shanya, na zuba irin wake a ciki na sa kwaɗo. Duk ranar da Sadiya za ta zo garin ga, ta zo da ƙulli a hannu kamar kowace baƙuwa, ta yi kwananta ta koma gidansu.

Yayarki,
Hajara